Sunan da ke Hannun Des Vella

Shekara tara ke nan ina goge wa mutane jarfa a Mackay, a ɗakin baya na wani asibitin fata da ke kusa da kogi. Likita tana gaba tana duba tabon da rana ke bar wa mutane, ni ina baya da na'urar leza. Yawancin masu zuwa wurina na san labarinsu tun kafin su zauna. Ma'aikacin haƙar kwal da ya rubuta sunan mace a wuya, macen kuma ta tattara ta koma Perth. Saurayin da ke son aikin ɗamara, aka ce masa sai ya cire abin da ke bayan hannunsa. Matar da ta je Bali da ƙawaye ta dawo da malam-buɗe-littafi a idon sawu, yanzu ta haifi uku tana jin kunyarsa. Ba na tambayar dalili. Su ne ke faɗa, ni kuma ina saita na'ura ina cewa to.

Noelene Vella ta zo ne a watan Oktoba, ana tsakiyar yankan rake. Na san ta tun ina ƙarama, ita ce ke sayar da abinci a kantin makarantarmu, kuma ƙawar mahaifiyata ce a coci. Shekarunta saba'in da huɗu a lokacin. Ta zauna a bakin gadon aiki da jakarta a kan cinya, ta ƙare wa na'urar kallo.

"Wannan ce?"

"Ita ce, Anti. Kar dai ki ce mini akwai abin da kika ɓoye wa Fadan cocinmu shekara hamsin."

"Ke dai bakinki bai canja ba, Narelle. Ba ni ba ce. Des ne."

Des mijinta ne, manomin rake a wajen Farleigh har ƙarfinsa ya ƙare. Duk wanda ya san shi ya san hannunsa na hagu. A cikin damtsen, tsakanin gwiwar hannu da inda ake ɗaura agogo, akwai haruffa shida da baƙar tawada: ROSLYN. Roslyn 'yarsu ce ta fari. Ta faɗa tafkin ban-ruwan gonar a 1976, tana da shekara huɗu. Wata ɗaya bayan an binne ta Des ya tuƙa mota zuwa Townsville, ya dawo da sunan a hannu. A garinmu kowa ya san haka, kuma ba wanda ke tayar da maganar.

"Kin ji gigin tsufa ya kama shi," in ji Noelene.

Na ce na ji.

"Shekara biyu ke nan. Ya manta an sayar da gona. Jiya a firij na tsinci takalminsa. Duk wannan da sauƙi. Karatu ne bai manta ba. Da safe in na miƙa masa shayi, ya miƙo hannu zai karɓa, sai idonsa ya faɗa kan sunan. Sai ya karanta, ya ɗago ya ce, ina yarinyar nan?"

"Me kike ce masa?"

"Da farko gaskiya nake faɗa. Sai ya yi kuka kamar ranar aka fito da ita daga ruwa. Kafin tsakar rana ya manta. Gobe a sake. Wata uku na yi ina kashe masa 'yarsa kowace safiya, sannan na koma ƙarya. Tana makaranta. Tana gidan ƙanwata. Sai ya ce to bari ya je ya ɗauko ta."

Gidansu yana nan a gefen tsohuwar gonar. Sau biyu sabon mai gonar yana tsintarsa a bakin tafkin ya dawo da shi a mota. Na ukun direban jirgin rake ne ya hango shi yana tafiya a tsakiyar layin dogo da silifas, ya yi ta danna ƙaho har ya samu ya tsaya. Noelene ta gwada riga mai dogon hannu, Des ya naɗe hannun, don a zafin nan ba mai zama da dogon hannu. Ta gwada bandeji, ya kwance don ya ga ciwon da aka ɗaure. Ta sayo man da mata ke rufe tabo da shi, ya wanke a famfo yana faɗan wa ya shafa masa laka.

Na bayyana mata abin da ake yi. Akwai yanka, likita ta yanke fatar ta ɗinke, amma haruffa shida a jere sun yi tsawo, fatar tsoho kuma ba ta riƙe ɗinki. Akwai rufewa da wani zanen, a ɗora fure ko tsuntsu a kai, sai dai wannan sabuwar allura ce da sabon ciwo, ga shi mutum zai tashi ya ga abin da bai sani ba a jikinsa. Sai leza. Haskenta yana ratsa fata ya farfasa tawadar ta zama gari, jiki ya riƙa kwashewa a hankali. Ba a gamawa a zama ɗaya. Ana yi a huta mako takwas a sake, wani sau biyar, wani sau goma. Tsohuwar baƙar tawada irin ta Des ta fi saurin fita a kan masu launi na yanzu.

"Yayana ya ce a zamaninsu gishiri ake sawa," in ji ta. "A jiƙa, a yi ta gurza har fata ta saɓule."

"Ki ce wa yayanki ya gurji nasa hannun tukuna, ya zo ya nuna mini."

Ta ɗan yi dariya. Sai na faɗa mata sauran. Akwai zafi. Des yana shan maganin tsinka jini, don haka sai likitarmu, Dakta Pillay, ta duba shi ta yarda. Sannan ni ba na ɗora na'ura a jikin wanda bai ce mini e da bakinsa ba.

"Ina da takardar da ta ba ni ikon yanke masa shawara."

"Na sani, Anti. Amma ba takardar ce za ta zauna a kujerar nan ba."

Ta juya zoben hannunta. Ta ce wajen ƙarfe goma na safe ya fi zama cikin hankalinsa, in ya ci ya ƙoshi kuma kukan safiyar ya wuce.

Ranar Talata ta kawo shi da ƙarfe goma. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, rana ta gasa masa wuya ya zama kamar ƙirgi. An taje masa kai, an sa masa farar riga. Dakta Pillay ta duba fatar, ta tambaye shi wace shekara ake ciki ya ba ta amsa da kuskuren shekara goma sha ɗaya, ta tambaye shi wace ce wannan ya ce matarsa ce, kuma tun da ya aure ta bai sake cin gardama ba. Ta ce za a iya gwadawa da ƙaramin ƙarfi, in ya fahimci abin da za a yi. Ta bar mu mu uku.

Ya kalle ni da kyau. "Ke ba 'yar Kev mai gyaran famfo ba ce?"

"Ni ce, Baba Des."

"Har yanzu ubanki yana haɗa famfo yana yoyo?"

Mahaifina ya rasu shekara shida da suka wuce. Na ce ya yi ritaya.

"Gari ya huta," in ji shi.

Noelene ta jawo kujera ta zauna a gabansa, ta kama hannun hagun ta juya shi sama. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce masa Roslyn ta rasu tun 1976, a tafki, kuma ya sani. Ya ce ya sani, wa ya ce bai sani ba. Ta ce kansa ba ya riƙe abu yanzu, in ya ga sunan da safe sai ya ɗauka tana raye, ya fita nemanta. Ta faɗa masa maganar jirgin raken.

Ya daɗe yana kallon hannun.

"Sau nawa na yi miki haka?"

"Kullum, Des."

"Kullum?"

"Kusan kullum."

"Ke kuma sai ki faɗa mini."

"Da ina faɗa. Yanzu na daina."

Ya gyaɗa kai. Ya juyo wurina ya tambaye ni ko da zafi. Na ce da zafi, kamar mai na fallatsowa daga kasko, amma minti biyu ne. Ya tambaya ko zai fita duka. Na ce watakila ya bar inuwa.

"To a cire," in ji shi. "Ni dai kar a yanke hannun. Da shi nake kamun kifi."

Ya sa hannu a takarda da kansa, rubutun yana rawa amma ana gane sunan. Na shafa masa man kashe zafi, muka jira ya kama, na ɗora ƙanƙara, na ba su tabarau masu duhu shi da Noelene. Ya ce sun zama kamar 'yan fashin banki. Na fara daga harafin farko. Na'urar tana yin ƙara tas-tas-tas, duk inda hasken ya taɓa fatar tana yin fari kamar an barbaɗa toka, ɗakin kuma yana ɗaukar ƙaurin gashi. Des ya yi ashar da yaren iyayensa, na Malta, amma bai janye hannun ba. Yana cije baki yana ba ni labarin wanda ya yi masa zanen, wani mai jan gemu a bayan wata mashaya, wanda sai da Des ya rubuta masa sunan a kwalin taba don bai yarda mutumin zai rubuta shi daidai ba. Kafin ya kai ƙarshen labarin na kai harafi na shida. Na ɗaure wurin, na faɗa wa Noelene yadda za ta yi da bororo in ya taso, kar a fasa, kar rana ta taɓa.

Bayan kwana tara Gavin ya shigo ba tare da ya yi alƙawari da kowa ba. Ɗansu ne, shi kaɗai suke da shi, an haife shi shekara biyu bayan rasuwar Roslyn. Ajinmu ɗaya a sakandare. Yana tuƙa babbar mota a ramin kwal a Moranbah, mako biyu can, mako ɗaya gida, kuma daga wuyan hannunsa har kafaɗa babu inda allura ba ta bi ba. Ko rigar aikin bai cire ba.

"Narelle, ke ce kika ƙona wa ubana hannu?"

"Sannu da zuwa, Gavin. Ja ƙofar, sanyin ɗakin na fita."

Ya ja ƙofar. "Mutumin da ke sa takalmi a firij, shi kika ba takarda ya sa hannu?"

"A gaban likita. Ya san abin da yake yi a lokacin."

"A lokacin. Jiya ya tambaye ni wa ya ji masa ciwo."

Na ce hakan na faruwa. Na ce in yana da magana ya yi da mahaifiyarsa, ni ba zan tattauna jinyar wani da shi ba.

"Kin san da wannan hannun na koyi karatu? Ina zaune a cinyarsa a kan tarakta ina bin haruffan da yatsa. Kafin in iya rubuta sunana na iya rubuta nata. A gidanmu ko hotonta ɗaya babu a bango, Mama ta kwashe ta zuba a akwati tun kafin a haife ni. Nan kaɗai ake ganinta. Yanzu shi ma ta kawo miki ki goge."

"Yaushe rabonka da ka ba shi shayin safe?"

"Ba ruwanki da wannan."

"Haka ne. Shi ya sa na ce ka je ka yi da ita."

Ya tsaya yana kallon na'urar kamar zai shure ta. Daga baya ya ce dama tun muna makaranta ba ni da tausayi, na ce shi ma tun muna makaranta ba ya jira a gama magana. Ya fita ya bar ƙofar a buɗe.

Abin da ya biyo baya a waya Noelene ta faɗa mini, lokacin da ta kira don a tsayar da ranar zama na biyu. Sun yi faɗa ita da Gavin a kicin, faɗan da ba su taɓa yin irinsa ba. Ƙarshenta ta ce masa tun da shi ya fi ta sanin abin da ya dace, ga gida ga ubansa. Ta haɗa jaka ta tafi gidan ƙanwarta a Sarina kwana biyar. Rabonta da kwana a wani wuri, in ji ta, shekara biyu. Ta ce ta yi barci har ƙanwar ta shigo ta duba ko tana numfashi.

Zama na biyu ya faɗo a Disamba, mangwaro na zuba a ko'ina. Gavin ne ya tuƙo su. Ya shigo riƙe da gwiwar hannun ubansa, ya zaunar da shi, ya tsaya a jikin bango. Wurin ya warke da kyau. Haruffan sun koɗe, sun fara kakkaryewa, amma ana karanta su sarai. Noelene ta sake yi wa Des bayanin tun daga farko, ya sake tambayar sau nawa ya yi mata haka, ya sake cewa a cire. A wannan karon bai yi maganar kamun kifi ba. Ya ce in yi sauri, yana jin yunwa.

Da na fita ɗauko ƙanƙara Gavin ya biyo ni.

"Ranar farko da Mama ta tafi na faɗa masa gaskiya," in ji shi. "Na ce ai ya kamata a girmama shi, ba yaro ba ne." Ya shafa keya. "Ya zauna a ƙasan banɗaki. Awa biyu. Yana tambayata wa ya bar ƙofar lambu a buɗe."

"Sauran kwanakin fa?"

"Tana makaranta."

Na ba shi kwanon ƙanƙarar ya riƙe. Muka koma ciki.

A Fabrairu damina ta kankama, hanyar Farleigh ta cika da ruwa, sai da aka ɗage zama na uku da mako guda. Des ya rame. Bai gane ni ba, bai tambayi mahaifina ba. Ya ɗauka wurin ƙona tabon rana aka kawo shi, abin da aka sha yi masa a goshi da kunne. Noelene ta yi masa bayani, ya saurara yana kallon fanka. Na sake yi masa da kaina, a hankali. Na ce sunan Roslyn ne za mu goge, ya yarda? Ya ce, "Duk abin da Noelene ta ce." Na tambaye shi sau biyu, amsar ɗaya ce. Na tsaya ina tunani, sannan na kunna na'urar. Har yau ban tabbata wannan amsar ta isa ba. Na rubuta ta a fayil yadda ya faɗe ta, na nuna wa Dakta Pillay, ta karanta ta ce zama na gaba ita ma za ta shigo.

Bayan wannan zaman haruffan tsakiya suka narke. Harafin farko da na ƙarshe ne suka ɗan rage, sauran sun zama inuwa mai ruwan toka. Noelene ta ce tambayar ta ragu. Wata safiyar ya kalli hannun ya kawar da kai, wata safiyar ya kalla ya daɗe, sannan ya tambaya. Sun sa sabon kwaɗo a ƙofar lambu, sabon mai gonar ma ya kewaye tafkin da waya.

Zama na huɗu a Afrilu ne. Su uku suka zo, Dakta Pillay ta shigo ta tsaya. Des ya zauna lafiya, ya bari na shafa man, ya bari na sa masa tabarau. Noelene ta fara bayanin. Ba ta kai rabi ba ya zare hannun daga nata, ya dafe damtsen da tafin hannun dama, ya manna shi a ƙirji.

"Kar wanda ya taɓa."

"Des, ai mun yi magana," in ji Noelene.

"Sunan 'yata ne."

A lokacin ba wanda zai iya karanta abin da ke wurin in ba ya san shi a da ba. Muka jira kwatan awa, aka kawo masa shayi da biskit, ya sha da hannun dama, na hagun yana matse a jikinsa. Noelene ta sake gwadawa. Ya ce mata ita wace ce da za ta ba shi umarni. Na kashe na'urar.

"Minti biyu ne fa," in ji Noelene. "Gavin zai riƙe shi. Kafin mu kai mota ya manta."

"Ba zan yi ba, Anti."

"Sau uku ya ce miki e."

"Yau ya ce a'a."

"Wanda ya ce e ɗin shi ne mijina. Wannan ciwo ne ke magana."

"Watakila. Amma wannan ne ke zaune a kujera."

Ta juya ga Dakta Pillay, likitar ta ce ita ma ba ta yarda a danne shi ba. Ta juya ga Gavin, ya ce, "Mama, ni ba zan riƙe shi ba." Noelene ba ta ɗaga murya ba. Ta cire tabarau ta ajiye a kan gado, ta ɗauki jakarta.

"Ku duka kun iya cewa a'a," in ji ta. "Kuna faɗa ku tafi gidajenku."

Ta goge wa Des man da ke hannunsa da audugar da na miƙa mata, ya bar ta ta goge. Suka fita. Na ce mata in ya canja ra'ayi wata rana ta kira ni, ko ranar hutu ce zan buɗe. Ba ta kira ba.

Wata biyar ban gan su ba. Aiki ya ci gaba. Mai sunan mace a wuya ya gama nasa, ya dawo bayan mako shida ya nuna mini sabon suna a ɗaya gefen, yana tambayata ko ya yi kyau. Mahaifiyata ce ta faɗa mini Des ya faɗi a bayan gida a watan Yuli ya karya ƙugu, daga asibiti aka wuce da shi gidan kula da tsofaffi a cikin gari, kuma ba zai koma Farleigh ba.

A Satumba na haɗu da Noelene a wurin ajiye motoci na babban kanti. Tana fama da keken sayayya mai karkatacciyar ƙafa. Na kama mata muka tura har motarta. Ta gode, ta tambayi mahaifiyata, ta ce na yi ƙiba. Ban ga alamar fushi a fuskarta ba, ban kuma ga alamar ta manta ba.

Na tambayi jikin Des.

"Yana ci, yana barci. Kullum ina zuwa daga goma zuwa biyu. Masu jinyar suna son shi, yana ce musu duk sun fi ni kyau."

"Yana tambaya?"

"Ya daina tun kafin ya faɗi." Ta buɗe bayan motar. "Ban sani ba ko aikinki ne, ko ciwon ne ya kai wurin. Yanzu ko jarida ya riƙe a juye yake riƙe ta. Gavin ya ce da mun haƙura wata shida da abin ya wuce da kansa. Na ce masa wata shidan ai ni ce zan yi su, ba shi ba."

Muka fara loda kayan. Ta ce in sa ƙwai a sama.

"Makon jiya ni na ba shi labarin," in ji ta. "Muna zaune a baranda, ba abin faɗa. Na ce akwai wasu mutane a Farleigh, suna da yarinya, ga abin da ya same ta. Na faɗa masa duka, har rigar da ke jikinta. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba, ko Fada."

"Me ya ce?"

"Ya saurara har ƙarshe. Ya ce Allah sarki, iyayen nan sun ga tashin hankali. Ya tambaye ni ko na san su. Na ce sama-sama."

Ta rufe bayan motar, ta gwada ko ya kama. Ta ce in gaishe da mahaifiyata, in ce mata ranar Lahadi ita ce da furannin coci, kar ta sake mantawa. Na mayar da keken wurinsa na koma asibiti, akwai mai jirana da ƙarfe ɗaya.